Katin Bikin Hafsatu da Tsohuwar Rigar Filona

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da aka kawo katin bikin 'yata Hafsatu ba. Washegari kasuwar Maigatari ce, ƙanina zai tafi da shi ya raba wa dangi. Na buɗe kwalin na zaro ɗaya na duba. Haruffan duk gida-gida, gefensu kamar ɓera ya gaigaya, sak rubutun tsohuwar wayarmu mai madannai. Na ce shi ke nan, inji ya lalace an buga mana a haka.

Hafsatu tana wajen tela. Ban jira ta ba (nan na fara rabuwa da hankalina). Na zura hijabi, sai shagon Malam Sabo mai buga kati a bayan kasuwar Gumel. Akwai mata uku a benci suna jira, amma ni da ko kaza ba na yi wa tsawa, ranar bakina ya buɗe.

"Malam Sabo, ka ji tsoron Allah. Wannan zan aika wa surukai?"

"Hajiya, ai haka aka..."

"Haka aka me? Wace marar ido ce za ta so wannan rubutu?"

Sai ya juyo mini da kwamfutarsa. Hoto ne na wata farar rigar filo da ta sha wanki, an ɗinka mata "Barka da Asuba" da jan zare. Kafin in gama karantawa na gane ta. Tawa ce.

A aji huɗu na sakandare na yi ta. Malamarmu takan sa mu zana kowane harafi a littafin lissafi mai gida-gida, mu ƙirga, sannan mu bi da allura. A gindin darbejiya muke zama, muna ƙirge muna cin aya, wadda ta tsallake gida ɗaya ta warware layi guda (sau uku na warware nawa, har da kuka). Da rigar nan na zo gidan miji, a kanta Hafsatu ta yi barcin yarinta.

"Amarya ce ta turo," in ji Malam Sabo. "Ta ce in nemo mata rubutu irin na Ummanta. Kwana biyu ina nema. Yanzu ma yayinsa ake, har a allon shaguna."

Wata daga cikin matan ta gyara mayafi ta ce, "To Hajiya, ashe marar idon 'yar gida ce."

Na roƙi Malam Sabo gafara har sau uku, na rungumi kwalina na fito. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Hafsatu ta tarbe ni a zaure tana danne dariya: "Umma, an samo marar idon?"

Kati ya tafi Maigatari yadda yake. Ɗaya na ajiye a akwati tare da rigar filon. Tun ranar, kafin in kai ƙarar mummunan aiki, sai na fara tabbatarwa ba ni na yi shi ba.