Zanzaro Biyu a Kasuwar Gwiwa

Motar Kawu Sale, wata tsohuwar gingimari, ta yi damina guda a ajiye a Roni, zamanin da kuɗin fetur suka fara shigowa. Da kaka muka tashe ta, amma sai ta yi 'yar tafiya ta mutu. Ni kuwa sabon ma'aikaci daga Kazaure, na yi zanzaro da farar riga, na ce a ba ni wuri.

Na buɗe tanki na leƙa, dizal na nan. Na rufe, na dafa goshinta na ce, "Tashi." Direba ya murza, ta ɗauka. Duk mutuwar da ta yi haka nake mata, kuma ta tashi. Wallahi har tsoron tafin hannuna na fara ji.

Ranar kasuwar Gwiwa motar ta mutu cikin jama'a, ɗauke da gyaɗa. Na san tanki cike yake, ban leƙa ba. Na dafa, shiru. Na sa hannu biyu, shiru.

Kawu ya bi wani ƙwaro da ido har bakin tanki, ya kwance murfin. Sai tanki ya ja numfashi. Ashe zanzaro ne ya yaɓe kafar iskar murfin da laka, sumul kamar aikin magini, leƙena ne ke ba motar iska. Ƙwaron da bai kai yatsa ba, ya tsayar da gingimari!

"Ikon Allah," in ji Kawu, yana duban rigata. "Zanzaro biyu suka tare ni."

Har yau, ko jaki ne ya turje a Roni, cewa ake, "A kira Malam Zanzaro ya dafa shi."