Ma'aunin Talaucin Babban Kodineta

Yabon gwani ya zama dole, kuma duk wanda zai lissafa masoyan talaka a wannan zamani bai fara da Babban Kodineta ba, to ya ci amanar tarihi. Mutum ne da ya sadaukar da rayuwarsa ga talakawa. Saboda su yake kwana a otal sau uku a wata. Saboda su ya ajiye tumbi, don abincin bita ba ya ƙarewa, barinsa kuma almubazzaranci ne. A ofishinsa akwai hoton wata tsohuwa mai tallan kayan miya tana murmushi, an faɗaɗa shi har ya kusa cinye bango. Bai san sunanta ba, amma idan baƙi sun zo yakan tsaya a gabanta ya yi doguwar ajiyar zuciya.

Aikinsa shugabancin Cibiya ne, wato haɗakar ƙananan bankuna goma sha bakwai masu ba talakawa ɗan rance su ja jari. Bankunan su ke bin lungu-lungu, su suka san wadda keken ɗinkinta ya lalace da wanda ruwa ya ci rumfarsa. Ita kuwa Cibiya aikinta ta tara su a ɗaki mai sanyi ta gaya musu abin da suke yi. Wannan shi ake kira gina ƙarfi. A katinsa an buga Gatan Marasa Gata, laƙabin da ya raɗa wa kansa. A bayan idonsa kuwa sunansa Oga Gina-Ƙarfi. Mu muka raɗa masa na biyun, mu ma'aikatansa shida, kuma mu ɗin ne dai ke fara tafi ko tari ya yi a lasifika. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ana nan sai zance ya zo da ƙura. Kuɗin da ke riƙe da Cibiya na masu ba da tallafi ne, na shekara uku, ga shi ta ukun ta zo gangara. Wakiliyarsu za ta zo ta duba, ta yanke ko a sabunta ko a rufe. In an rufe, kujerar Kodineta mai juyawa ta tafi ke nan, namu na roba ma su bi bayanta. Dole a nemo abin nunawa.

Kodineta ya kulle kansa a ofis kwana huɗu, ya fito da takarda ɗaya tal. Sunanta Ma'aunin Talauci. Tambaya goma ce, maki ɗari. Wanda ya samu ƙasa da talatin shi ne talaka na gaske, shi za a ba rance. Ya tara mu ya ɗaga ta sama.

Ya ce, "Jama'a, shekara da shekaru talauci na yawo a duniya, ba wanda ya san nauyinsa. Yau na ɗora shi a sikeli. Daga yanzu ba mai zuwa ya ce mana shi talaka ne da fatar baki. Ya kawo maki!"

Muka tafa har tafin hannunmu ya yi ja.

Da kansa ya fita gwaji, abin da bai taɓa yi ba. Ya zaɓi unguwar bankin da ya fi ƙanƙanta, wanda wata dattijuwar tela ke shugabanta, ana ce mata Inna Mai Keke. Ita ta kai shi gidan wata mai wankau da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, tana neman rancen dutsen guga. Ita baiwar Allah da ta ji babban baƙo zai zo, sai ta yi abin da kowane mai kunya zai yi: ta bi makwabta ta aro kujeru uku, da kafet, da fanka, da rediyo. Kodineta ya zauna a kujerar da ta fi taushi, fanka na kaɗa masa iska, ya ƙirga duk abin da idonsa ya gani. Maki saba'in da biyu.

Ya miƙe ya gyara kwat. "Baiwar Allah, ina taya ki murna. Kin fita daga talauci. Ki bar wa mabukata rancen nan."

Motarsa ba ta gama shan kwana ba makwabta suka zo suka kwashe arzikin.

Washegari Inna Mai Keke ta iske shi a ofis. Ta ce, "Yallaɓai, kujerar da ka zauna a kai ta makwabciya ce. Fankar da ta yi maka fifita kuwa tawa ce, ni na ɗauko ta a ka."

Da wani ne, da kunya ta kashe shi a wurin. Amma manyan mutane ba sa kuskure, darasi suke koya. Kodineta ya kira bitar kwana biyu a kan darasin, aka ci aka sha, sannan ya ƙara wa kowace tambaya jela: naka ne na kanka, ko na wani? Abin aro ba shi da maki. Ya sa wa wannan suna Bugu na Biyu, ya ce a iya saninsa ba a taɓa irin wannan zurfin tunani ba. Mai wankau kuwa aka ce ta dakata, ana nazarin batunta.

Ranar zuwan wakiliya aka kama babban zauren otal. An rataya ƙyalle mai hoton Kodineta yana kallon nesa, kamar mai hango ƙarshen talauci daga bayan gari. Shugabannin bankuna goma sha bakwai suka cika sahun baya, mu muka kama na gaba kusa da ruwan roba. Ya yi jawabi na awa ɗaya da minti goma.

"Ni talauci ba a littafi na karanta shi ba. Na shiga ɗakinsa, na zauna a kujerarsa. Wannan takarda ba ta san sani ba, ba ta san sabo ba. Ko ubanka ne ya hau, gaskiya za ta faɗa."

Wakiliya, wata doguwar mace mai tabarau da ɗan littafi a cinya, ta ce ta bakin wani tafinta tana so ta ga abin yana aiki. Kodineta ya yi murmushin wanda aka sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi, ya juya wajen sahun baya. "Wa zai fito a auna shi?"

Inna Mai Keke ta miƙe tana gyara mayafi. "Yallaɓai, mu an auna mu har mun rame. Ai mai sikeli shi ya kamata ya fara hawa, mu ga ko yana aiki."

Tafinta ya fassara, wakiliya ta washe baki ta hau tafi. Mu ma muka tafa, don hannunmu ya riga ya saba, ba ya jiran shawarar ƙwaƙwalwa. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma ina hanyar gudu? Aka kawo kujera tsakiyar dandamali, Kodineta ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Inna ta karɓi takarda da biro.

"Gidan da kake ciki, naka ne na kanka?"

"Cibiya ce ke biyan haya, bisa tsarin aiki."

"Sifili. Abin hawa?"

"Kowa ya ga motata a waje."

"Mun gani, har da tambarin Cibiya a ƙofa. Sifili. Kujerun falo?"

Ya sauke ƙafar. Kujeru da gidan suka zo. Wayar hannu ta ofis ce. Janareto ma haka. Fili babu, dabba babu ko kaza. Da aka zo kan firij sai ya farfaɗo, ya ɗaga murya. "Akwai! Babba ma, mai ƙofa biyu!"

Inna ta dube shi da tausayi. "Yallaɓai, a ji tsoron Allah. Firij ɗin na matarka ne, maman yara. Mu muka ba ta rancensa tana sayar da ƙanƙara, ta kuma biya tsaf tun bara."

Sahun baya ya fashe da dariya. Gumi ya tsattsafo wa Kodineta duk da sanyin zauren. A tambaya ta tara ya samu maki takwas, saboda kowa a gidansa yana da takalmi. Sai ta goma, wadda ya fi alfahari da ita, wadda ya ce ita ce zuciyar ma'aunin.

"In abin da kake ci da shi ya tsaya yau, wata nawa tukunyar gidanka za ta ci gaba da hawa wuta?"

Ya buɗe baki, ya dubi wakiliya da ɗan littafinta, ya rufe. Karon farko ke nan da muka ga an ba shi lasifika ya rasa abin faɗa, kuma wallahi ya ba mu tausayi.

Inna ta haɗa lissafi ta sanar: takwas cikin ɗari. Ta ƙara da cewa ta gwada mai wankau da Bugu na Biyu ta samu goma sha tara, don bahonta da bokitanta nata ne. Mu 'yan sahun gaba ba wanda ya yi dariya. Kowa ya sunkuyar da kai yana auna kansa a zuci, ba kuwa wanda ya haura goma. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wakiliya ta yaba ƙwarai. Ta ce ta yi yawo ƙasashe ba ta taɓa ganin takarda mai gaskiya irin wannan ba. Kodineta ya kwana da wannan yabo, har ya fara gaya mana cewa dama da gangan ya yi, don nuna tawali'u. Bayan sati biyu wasiƙa ta iso. An karɓi Ma'aunin Talauci hannu bibbiyu, an gode. Sai dai tunda takarda ɗaya ce kuma bankunan sun iya cike ta da kansu, daga yanzu kuɗin zai riƙa zuwa musu kai tsaye. A mayar da makullin mota kafin ƙarshen wata.

Ranar wata Litinin da hantsi aka ga Gatan Marasa Gata ya nufi bankin Inna Mai Keke a ƙafa, da kwat ɗinsa da jakar takardu. Ɗaki ɗaya ne, da tebur, da akwatin ƙarfe, da dogon benci cike da masu jira. Mai wankau ce a gabansa, ta matsa masa ya zauna. Kada a tambayi yadda labarin ya fito, uku daga cikinmu na can ƙarshen bencin suna ɓoye fuska.

Da layi ya zo kansa ya yi gyaran murya. "Inna, na zo ne a matsayin wanda ma'auni ya tabbatar da cancantarsa a gaban shaidu. Ina so in kafa kamfanin ba da shawara."

"Talaucinka kam ba mai musu, ɗan nan. Amma mu sana'a muke ba rance. Mece ce sana'arka?"

"Gina ƙarfi."

"Wa ke saye?"

Ya hau murza hannun jakar.

Inna ta rufe littafinta a hankali. "To, kar ka damu. Je ka turo maman yara ta tsaya maka. Ita mun san abin da take yi."