Gawar da ta amsa sallama

Ba zan taɓa mantawa ba, har ranar da ƙasa za ta rufe min ido, da yinin da na fito a gawa a fim ɗin jikana Nasiru.

Bayan girbi ne ya zo daga Kazaure, shi da abokansa da kyamarar haya, wai za su yi fim a kufan tsohon garinmu, bayan duwatsun Roni. Labarin kuwa, wai duniya ta lalace, matattu sun tashi suna cin masu rai. Na ce, "A'uzubillahi! Mijina, wane irin tashin kiyama ne wannan?"

Ya ce, "Iya, ba matattun ne abin tsoro ba, masu ran ne. Ɗa ya rufe wa uwarsa ƙofa, maƙwabci ya ɓoye ruwa. Zo ki yi mana gawa, ke ko kwalliya ba kya buƙata."

Na zage shi, amma na je.

Aka shafe mu da toka da yumɓu, mu tsofaffi, aka zuba mana zoɓo a baki a matsayin jini (har da sukari, na lasa). Aka kwantar da mu a ƙofar zauren da shi kaɗai ya rage da jinka a kufan. Za a cinna wa jinkar wuta daidai lokacin da rana ta yi ja, jarumin ya dawo garinsu, ya tsaya ya yi sallama, ba mai amsawa. Nasiru ya durƙusa kusa da ni, ya ce, "Iya, shirun nan shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Jinka ɗaya ce, ɗauka ɗaya ce."

Wuta ta kama. Kyamara ta biyo fuskokinmu a hankali, a hankali. Yaron da ya fito a jarumin ya iso, muryarsa na rawa: "Assalamu alaikum."

Na cije leɓe. Ya sake yin sallama. Jama'a, tun ina yarinya ban taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba. Da ya yi ta uku, sai na tsinci kaina zaune, ina jan mayafi, ina cewa, "Wa alaikumus salam, ɗan nan, sannu da hanya."

Gawar da ke gefena ta fashe da dariya. Sauran gawarwaki suka biyo ta. Jinka ta rufta, rana ta faɗi.

Nasiru ya zauna kan dutse, ya dafe kai. Washegari aka mayar da kyamara, abokai suka watse, fim bai ƙare ba. Yanzu cajin waya yake yi a kasuwar Babura. Idan ya zo yakan gaishe ni da ladabi, kamar baƙuwa.

Abin da na koya, mutuwa ma sai wanda ya iya. Ni dai ina roƙo, in an kai ni makwanci, kada wanda ya yi sallama kusa da kabarina.