Zakarana Yana Cikin Fayil

Jama'a, a kishingiɗe nake rubuta muku wannan, domin zama ya gagare ni. Tun da aka sallame Asuba na tura babur ɗina zuwa gidan mai a cikin Gwarzo, na shiga layi. Rana ta fito ta same mu a nan, ta ɗaga, ta fara dukan ƙeya. Saura mutum huɗu a zo kaina sai mai zubawa ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Ya ƙare ɗin kuwa, in ban da wata farar mota mai baƙin gilashi da ta shigo ta ƙofar fita da jarkoki cike da bayanta. Ita kam Allah ya yi mata buɗi, muna kallo. Haka na sake turo babur har Unguwar Tudu, na ari keken maƙwabcina Dabo, wanda sirdinsa tsumma ne aka naɗa a kan ƙarfe, na taka shi har Kabo na dawo. Me na je nema? Zakara. Nawa ne kuma, halalina.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Matata Furera ta fi shekara ashirin tana kiwon kaji a bayan ɗaki. Ba wani abin a zo a gani ba ne: kaji tara, akurkin ƙasa da ta gina da hannunta, sai tsohon kwando da take kife 'yan tsaki saboda shaho. Amma a wannan zamani na tsuke bakin aljihu, kajin nan su ne asibitinmu, su ne kantinmu. Yaro ya yi zazzaɓi, kaza ta tafi kasuwa. Baƙo ya yi sallama, ƙwai ya shiga kasko. Shugaban wannan runduna kuwa wani jan zakara ne mai baƙar jela, wanda in ya yi cara har liman yana cewa ya fi lasifikar masallaci amfani, tunda shi ba ruwansa da ɗauke wuta.

Bayan an gama girbin dawa sai aka yi shela cewa manya za su zo. Aka kafa rumfuna a fili, aka jera kujeru, motoci goma sha ɗaya suka iso a jere don a yi mana bayanin yadda ake tattali. Wai Kwamitin Bunƙasa Kiwon Kaji a Bayan Gida. Shugabansu, ranka ya daɗe Garkuwan Kaji, Uban Marasa Ƙwai, ya miƙe cikin farar shadda. Ya buɗe da addu'a mai tsawo, ya ja mana kunne a kan amana, ya tuna mana cewa yanzu zamanin Shari'a ne, zamanin yaudarar talaka ya wuce. Muka yi kabbara. Ni har muryata ta dishe.

Sannan aka yaye wani buhu daga kan keji. Jama'a, ban taɓa ganin zakaru irin waɗannan ba. Guda ashirin, farare tas, kowanne ƙirji kamar na ɗan dambe. Aka ce kowane gida zai sami ɗaya kyauta, 'ya'yansu kuma a wata uku sun isa yanka. Sharaɗi biyu ne kawai. Na farko, a rushe tsohon akurki a yi na waya mai daɓen siminti, kamar yadda aka zana a takarda. Na biyu, a kawar da duk zakarun gargajiya, kada su ɓata iri. Da aka tashi, aka mai da kejin cikin mota. Wai za a je a yi musu allura, mako biyu a dawo da su tare da 'yan'uwansu.

Na dawo gida ina wasa wuƙa. Furera ta tsaya a kaina.

"Malam, me za ka yanka?"

"Ci gaba ne ya zo, Furera. Ke ba ki je kin ji ba."

"Na ji daga nan, ai da lasifika suka yi. Ka bari su kawo nasu tukuna, in ya shigo ta ƙofa sai ka yanka wannan."

"Sun ce sai an zagayo an duba. Gidan da aka ji cara, an cire sunansa."

Ta ce, "Ka san dai yarinyar nan watanta shida." 'Yarmu Mansura take nufi, wadda ke aure a Mainika, cikin fari. Furera ta riga ta tsara abinta: kaji uku su kwanta, su ƙyanƙyashe, kafin haihuwa 'yan tsakin sun tasa, mai jego ta sha farfesu har ta yi arba'in. Na ce mata ai da fararen nan, farfesun sai ya ishi har dangin miji. Na yanka jan zakara. Ta dafa shi da kyau, ta zuba mini, ita ko romon ba ta taɓa ba.

Alhaji Datti, wakilin kwamiti a unguwarmu, ya bi gida-gida da littafi yana kasa kunne. Cikin kwana goma unguwa ta yi tsit. Na sayar da buhun dawa na sayi waya da siminti, na rushe ginin Furera, na yi akurki irin na takarda. Ya yi kyau ƙwarai. Kajin ne dai suka ƙi shi. Da rana kwanon rufin ya gasa su, da asuba simintin ya daskarar da su, suka koma kwana a kan reshen darbejiya.

Mako biyu ya zama wata, wata ya zama biyu. Kaji suna ta ƙwai, don kaza ba ta jiran kwamiti. Wake-waken kazar Furera, wadda ta fi kowacce iya reno, ta kwanta a kan ƙwai goma sha biyu. Na san babu komai a ciki, Furera ma ta sani, amma kazar ba ta sani ba. Kwana ashirin da ɗaya tana kwance, ta rame, ƙirjinta ya zube, ba ta tashi sai ta sha ruwa ta koma da gudu. Ranar da Furera ta ɗaga ta ta kwashe ƙwan ta kai bola, kazar ta wuni tana zagaya gurbin tana kiran 'ya'yan da babu. Ni kuwa na wuni a ƙofar gida, don ban iya haɗa ido da matata ba.

A cikin makon ne Dabo ya dawo daga cin kasuwa ta wajen Gude yana dariya har da riƙe ciki.

"Malam Hambali, na ga zakaranka!"

"A ina?"

"A Gude. An kafa rumfa, motoci sha ɗaya, farar shadda, addu'ar nan dai da ka sani. Aka yaye buhu, sai ga mutanenmu."

"Kai Dabo, ka ji tsoron Allah. Fararen zakaru ai duk kamarsu ɗaya."

"Har da mai ido ɗayan nan? Wanda ke kusurwa yana kallon mutane a karkace? Wallahi shi ne. Har ya fi da ƙiba. Ina jin shi ma ya gane ni."

Ashe zakarun ma'aikata ne, jama'a. Rangadi suke yi. A wannan marra da ake sallamar mutane daga aiki, a ce an sami zakaru ashirin da aiki na dindindin da motar hawa, ai sai mu yi wa kwamiti jinjina.

Wadda ta cece mu ita ce Inna Zubaidatu, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layinmu. Ranar da Alhaji Datti ya je dubawa, ta jefa zakaranta cikin rumbu ta rufe, ta zauna a gindin rumbun tana tari da ƙarfi duk lokacin da ya motsa. Wani durgu ne, gajerun ƙafafu kamar an guntule, ga tsufa, ga sanƙo a wuya. Da a ce a kasuwa ne, ko kallonsa ba za ka yi ba. Da asirin ya fito, Alhaji Datti ya kira ta maƙiyiyar ci gaba a gaban mutane. Ta ce masa, "Datti, ni na yi wa uwarka wankan jego. Wuce ka ba ni wuri."

Yau durgun nan shi ne ango a unguwa gaba ɗaya. Inna ta kafa doka: kowace kaza kwana uku, mai ita ya kawo dawarta da ta zakara, kuma ranar Juma'a hutu. Furera ta ce ita ba za ta je ba, wanda ya yanka shi zai kai. Haka na maƙala wake-wake a hammata, da furfurata da komai, na bi layi a zauren Inna tare da sauran magidanta masu hangen nesa irina. Ba mai kallon wani. A gabana akwai wani mai babbar riga da wani abu ke motsi a ƙarƙashinta yana ƙyat-ƙyat. Da ya waiwayo sai na ga Alhaji Datti.

"Alhaji, barka da hantsi. Dubawa aka zo?"

"Ta Hajiya ce," in ji shi, yana kallon rufin zaure. "Ni ma fa nawa biyu na yanka."

Wallahi sai ya ba ni tausayi. Na ɗauka da shi aka ci, ashe shi ma da shi aka yi miya.

Wake-wake ta ƙyanƙyashe bakwai, duk gajeru kamar ubansu. Sai dai lokaci ya riga ya ƙure. Mansura ta sauka ranar Asabar ɗin da ta wuce, namiji, lafiya lau, alhamdu lillahi, alhali 'yan tsakin ko fiffike ba su gama yi ba. Furera ba ta yi shawara da ni ba. Ta kama manyan kajinta huɗu, masu yi mata ƙwai, ta ba Dabo ya yanka, ta tafi da su Mainika. Da ta dawo ta tsaya a gaban akurkin waya, ta ce, "Malam, na gama nawa. Saura kai. Ka je ka karɓo mini zakaran da ka yi mini alkawari." Abin da ya ɗora ni a keken Dabo ke nan.

Ofishin kwamitin ɗaki biyu ne a bayan wani shagon faci. Na isa ana kiran Azahar, aka ce an tafi salla. Na bi su na yi, na dawo. Su ba su dawo ba sai bayan La'asar, don kada a yi wahalar fita sau biyu. Ka ga amfanin tsari. Akawun, Malam Nata'ala, mutum ne mai fara'a, ga carbi, ga allon da aka rubuta wa'azin riƙon amana rataye a saman kansa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya yi mini barka da jika. Sannan ya jawo fayil.

"Hambali, Unguwar Tudu. To, ai ka karɓa."

"Na karɓi me?"

"Zakara ɗaya, fari. Ga dangwalenka."

Na leƙa. Ga sunana, ga wani babban yatsa shafe da shuɗin tawada, faɗinsa ya kai cokali.

"Malam Nata'ala, ni fa na yi makaranta. Hannu nake sawa. Kuma dubi yatsana."

Ya dubi yatsana, ya dubi takarda. "Wataƙila lokacin ka fi haka ƙiba. Ka san yanayin da ake ciki." Ya buɗe shafi na gaba, fuskarsa ta washe. "Kai, ma sha Allah! Ai naka yana cikin waɗanda suka fi ƙoƙari. Rahoto ya nuna ya ba da 'yan tsaki arba'in da shida. Har an sa sunanka cikin waɗanda za a ba takardar yabo."

"To a ba ni shi in gaisa da shi mana."

"Wannan kuma sai Garkuwa ya dawo. Yana Umra."

Na fito ban san lokacin da na hau keken ba. Da na iso unguwa na tarar da limaminmu, Malam Muntari, a kan dakalinsa. Na zube na gaishe shi, na kwashe labari na gaya masa. Na ce, "Allah gafarta Malam, yanzu da muke cikin Shari'a, wanda ya saci kaza ɗaya an san hukuncinsa. To wanda ya raba unguwa guda da zakarunta fa?"

Malam ya gyara zama. "Sun shiga gidanka?"

"A'a."

"Sun ɗauki zakaran da hannunsu?"

"A'a."

"Wa ya yanka?"

"Ni."

"Wa ya ci?"

Na sosa ƙeya.

"To ka gani," in ji Malam. "Tasu shari'ar tana gaba, kuma wallahi mai tsanani ce, don a can ba a karɓar dangwale. Amma a nan duniya, in aka ce a kamo wanda aka ga jini a wuƙarsa, ni da kai za a fara kamawa. Nawa ma da shinkafa aka ci shi."

Muna cikin haka rediyon Malam ta kawo sanarwa. Wai saboda gagarumar nasarar da aka samu a kan kaji, an ɗaukaka kwamitin, yanzu zai koma kan awaki. Za a raba ingantattun bunsuraye, kowane gida ɗaya, da sharaɗi biyu kacal. Ban tsaya jin sharaɗin ba, na ja keke na yi gida, don muna da wani baƙin bunsuru da muke ji da shi.

Na tarar da turke babu kowa, igiya a yashe. Furera tana tankaɗe, ita ma tata rediyon a gefe.

"Ina bunsurun?"

"Ya yi tafiya."

"Ina?"

"Inda ba ka sani ba."

Na ce, "Haba Furera, ai ko sun zo ba za su ƙwace shi da ƙarfi ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni fa ba kwamitin nake tsoro ba, Malam."