Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Ni dai a duniya ba wanda na raina kamar mai sayen abin da bai fito saya ba. Na sha gaya wa matata Hadiza cewa wannan aikin marasa kan gado ne. "Ni in na shiga kasuwa, kallo kawai nake yi," in ji ni.

Wata Asabar na tafi kasuwar Tudun Wada sayo shinkafa. Sai na tsaya gaban wani mai kayan gwanjo, hannuwa a baya kamar duba-gari, ina ƙare wa wani keken motsa jiki kallo. Wai ƙato ya yi ta tuƙi yana zufa, bai je ko'ina ba! Don ba'a na yi masa tayin wulaƙanci, ina jiran ya ce albarka in wuce.

"Na sallama, Malam," ya ce.

Maƙwabtansa suka taso. Wani dattijo ya dubi babbar rigata ya ce, "Ai babban mutum ba ya janye tayi." Haka kuɗin shinkafa suka tafi.

Hadiza ta zagaya keken a tsakar gida, ta ce, "Malam, da miya za a ci shi, ko da mai da yaji?"

Hawa ɗaya na yi, gwiwata ta ƙi. Yanzu shanya ake yi a kansa. Har yau in zan fita sai ta ce, a gaban yara, "Malam Kallo-kawai, da ƙafa za a je, ko a fito da keken?"