Katafila Mai Faɗin Baki

Ranar da zan share filina a bayan Ƙofar Marusa, mai hayar katafila ya nuna min guda biyu: ƙarama, da babba mai baki kamar faɗin shago. Na zaɓi babbar. Ni da nake son unguwa ta san na fara gini, ina ni ina ƙarama?

Da muka iso lungu, direban ya leƙo ya ce, "Alhaji, duba min gefen dama."

Na gyara hula, na auna lungun da ido, na ɗaga hannu kamar ɗan sanda. "Taho! Akwai wuri har da rara!"

Ya taho. Bakin katafila ya kwashe katangar banɗakin surukina, Malam Sani, kamar an yaye labule. Ga Malam zaune, kumfa har kunne, soso a hannu.

Muka kalli juna. Sai na rusuna na ce, "Baba, an tashi lafiya?"

Na sake gina katangar, amma har yau in na yi sallama a gidan, ƙannen matata sai su ɗaga murya: "Baba, yi maza ka ɗauraye, injiniya ya iso!"