Yadda Aka Sha Ƙarshen Labarin Farfesa Gatari

Ranar Talata, huɗu ga Maris, da hantsi, na fara ganin Farfesa Gatari, lokacin da ya shigo ɗakin karatun da nake aikin magatakarda. Gatari suna ne da yaransa 'yan daba suka sa masa. Farfesan kuwa shi ya ba kansa, kuma ba a samu mai gardama ba.

Mutum ne mai ƙaunar ilimi ƙwarai. Shigowarsa kawai ta kawo shirun da na yi shekaru ina roƙon ɗalibai ban samu ba.

"Malam magatakarda," in ji shi, "mu manyan masana ba ma karanta ƙananan abubuwa. Ba ni littafi mai nauyi, wanda in ka buga wa mutum zai fahimta."

Na ba shi ƙamus. Kullum sai ya zauna kusa da taga ya buɗe shi, yana girgiza kai, wani lokaci har da ƙwalla. Ban taɓa ganin wanda ƙamus ya sa kuka ba, sai ranar da na zagaya gyara labule, na hango siririn littafin soyayya kwance a tsakiyarsa. Labarin wata tela ne da direban da ya ɓata mata rai.

Daga baya ya ari littafin soyayyar, wai gwaggonsa zai kai wa. Bai daɗe ba ya dawo idonsa jawur, yaransa na biye.

"Wannan cin zarafin adabi ne! Babu shafukan ƙarshe! Gwaggona ta kasa cin abinci, tana so ta san ko telar ta yafe wa direban."

"Ranka ya daɗe, cikakke na ba ka."

Mataimakinsa, wani ƙato da ake kira Guduma, ya sosa ƙeya. "Oga, takardun bayan nan? Ai mun ga ba ka kai wurin ba, sai muka naɗa taba da su."

"Kun sha ƙarshen labarin?"

"Wallahi, Oga, ya yi daɗi."

Saboda gwaggo, Farfesa ya baza yara neman wani kwafin. Aka samo labarin akwai kwafi ɗaya a wurin mai sayar da tsofaffin littattafai, wanda rumfarsa ke kallon ofishin 'yan sanda. Farfesa ya daɗe rabonsa da bin wannan titin, don nemansa ake yi. Amma ba zai sake yarda da hannun Guduma ba, sai ya tafi da kansa.

A tsaye 'yan sanda suka same shi yana karatu, bakinsa na motsi. Bai gudu ba, bai ɗaga hannu ba. Cewa kawai ya yi, "Don Allah ku bari in juya shafin nan." Ba su bari ba.

Yanzu yana gidan yari, inda na ji yana koyar da adabi kyauta, kuma ajinsa ba ya rasa cika. Gwaggon, da na bincika, ta rasu tun yana yaro. Har yau bai san ko telar ta yafe ba.

Ba ta yafe ba.